Ƙwayar Zarra Ɗaya Tak: Yunƙurin Raba Makamashin Haidurojin da Tsadar Filatinam

A garejin makanikai na Kano da Kaduna da Abuja, akwai abin da masu mota suka koyi tambaya a kansa kafin su bar motarsu ta kwana a hannun wani: indomin da ke cikin tukunyar salansa. In aka yanka tukunyar aka zaro shi, ba abin da ido zai gani sai wani dunƙulen yumɓu mai launin toka, ya sha hayaƙi, jikinsa duk ƙananan ramuka a jere. Duk da haka masu saye na biyan kuɗi mai tsoka a kansa, ɓarayi kuma na shiga ƙarƙashin mota da dare saboda shi, a Landan da Los Anjeles kamar yadda ake yi a nan. Dalili shi ne an shafe bangon ramukan nan da 'yan gram kaɗan na filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafan da ke mayar da gubar hayaƙin inji iskar da ba ta kai ta illa ba. A farkon shekarar 2021 farashin rodiyam ya kusa dala dubu 30 kowane oza, wato ya ninka na zinariya fiye da sau goma.

Wannan satar ƙaramar alama ce ta wata babbar matsala. Shirin da manyan ƙasashe ke yi na rage ƙona fetur da kwal ya rataya, a wani ɓangarensa, kan na'urorin da ke sarrafa sinadarai da wutar lantarki: masu tsaga ruwa su fitar da iskar haidurojin, da masu mayar da haidurojin ɗin lantarki, da masu neman mayar da hayaƙin kabon kayan masana'antu. Mafi ingancinsu suna cin ƙarafa 'yan gidan su filatinam, duniya kuwa ba ta da su da yawa. Fiye da shekara goma ke nan masana sinadarai na bin wata dabara, ta a warwatsa ƙarfen har ya zama ƙwayar zarra ɗaya-ɗaya, kowace a zaune ita kaɗai a gurbinta. Ana tallata dabarar da sunan tsimi. A ganina tsimin filatinam shi ne mafi raunin hujjojinta. Darajarta tana wajen koya wa ƙarfe mai arha aikin mai tsada, kuma ma'aunin da ya dace da ita shi ne yawan awannin da take jurewa a cikin na'ura ta gaske.

Dillalin sinadarai

Tun wajajen 1835 masanin Suwidin Berzelius ya bayyana cewa akwai abubuwan da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da su kansu sun ƙare ba, su ne ake kira katalis. Aikin katalis irin na dillali ne a kasuwar shanu: ya riƙo hannun mai saye, ya riƙo na mai sayarwa, ciniki ya faɗa, su tafi, shi kuma ya juya ga na gaba. Dillalin kirki ba ya sakin mutane da wuri har ciniki ya watse, ba ya kuma riƙe su har wasu su gaji da jira. Filatinam ya yi fice ne don riƙonsa ga haidurojin da oksijin ya kusa wannan matsakaicin. Da shi William Grove ya haɗa ɗaya daga cikin batiran haidurojin na farko a Birtaniya a 1839, kuma har yau ba a sami abin da ya ture filatinam ba a inda ake aiki cikin asid.

Batirin haidurojin ba caji ake yi masa ba, ciyar da shi ake yi. A faranti ɗaya haidurojin ke shiga, ya saki ilektron ɗinsa, su bi waya su juya inji ko su kunna fitila. A ɗaya farantin oksijin na iska ke karɓar ilektron ɗin, ya haɗu da abin da ya ratso ta siririyar fatar roba da ke tsakani, ya zama ruwa. Ɓangaren haidurojin yana da sauri, filatinam ɗan kaɗan ya ishe shi. Na oksijin ne mai nawa, domin sai an raba ƙwayoyi biyu da ke manne da juna da ƙarfi, an kuma miƙa musu ilektron huɗu ɗaya bayan ɗaya. Nan akasarin filatinam ke tafiya. An ƙiyasta cewa motar Toyota Mirai ta farko, wadda ta fito a 2014, tana ɗauke da kusan gram 30, ninkin abin da ke salansar motar fetur sau da yawa. Na'urar tsaga ruwa mai irin wannan fata kuwa tana buƙatar abin da ya fi filatinam ƙaranci, wato iridiyam, a farantin da oksijin ke fita.

Duk duniya ana haƙo filatinam wajen tan 180 zuwa 190 a shekara, alhali zinariya ta haura tan dubu 3. Kusan kashi 70 cikin ɗari daga duwatsun Bushveld na Afirka ta Kudu yake fitowa, akasarin sauran daga Rasha da Zimbabuwe. Sai an niƙe tan guda na dutse, wanda galibi daga rami mai zurfin gaske aka ciro shi, kafin a sami 'yan gram. Iridiyam kuwa tan 7 zuwa 8 ne kacal a shekara, kuma ba shi da ma'adini na kansa, biyo filatinam yake yi. Na'urorin tsaga ruwa masu ƙarfin gigawat ɗaya na cin ɗaruruwan kilo nasa, ƙasashe kuwa suna maganar ɗaruruwan gigawat. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a ga ba zai wadata ba.

Abin da ya fito daga Dalian

Filatinam ɗin da ke cikin batiri ƙananan dunƙule-dunƙule ne masu faɗin nanomita 2 zuwa 5, a barbaɗe kan baƙin garin kabon, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ko a wannan ƙanƙanta, dunƙule mai nanomita 3 ya ƙunshi ƙwayoyin zarra wajen dubu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke fili inda iska za ta taɓa su. Sauran suna binne a ciki, an biya kuɗinsu amma ba sa aiki. Daga nan tunanin ya taso, na a yi ta ƙanƙanta dunƙulen har ya zama ƙwaya guda. A 2011 ƙungiyar Zhang Tao ta cibiyar binciken sinadarai da ke Dalian a ƙasar Sin, tare da Li Jun na Jami'ar Tsinghua da Liu Jingyue da ke Amurka, ta wallafa a mujallar Nature Chemistry cewa ta zaunar da filatinam ƙwaya-ƙwaya a kan tsatsar baƙin ƙarfe, kuma ya ƙona gubar kabon monoksaid da ƙwazo. Daga wannan takarda sunan fagen ya fito, cikin shekara goma kuma takardun da aka rubuta a kansa suka koma dubbai.

Masu suka suna cewa tsohon abu ne aka sake wa suna, kuma suna da abin kafa hujja. Tun 1964 Raymond Jasinski ya nuna cewa ƙwayar kobalt guda, a tsakiyar wani sinadarin rini, tana iya sarrafa oksijin a batiri. A 2003 Maria Flytzani-Stephanopoulos ta Jami'ar Tufts ta wanke dunƙulallen zinariya daga kan katalis ɗinta, sai ta tarar aikin bai ragu ba, alamar cewa 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a jikin mazauninsu ne ke yin sa tun farko. To amma abin da waɗannan magabata suka gano ta hanyar alamu, yanzu ana ganinsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka gyara madubin ilektron har ganin ƙwayar zarra guda ya zama aikin yau da kullum, sannan hasken eksire mai ƙarfi na manyan cibiyoyi irin ta Grenoble a Faransa yana faɗin maƙwabtan ƙwayar, su nawa ne kuma su wane ne. Wanda ya san siffar gurbin da aiki ke faruwa zai iya gina shi da gangan, ya canza maƙwabci ɗaya ya ga abin da zai biyo baya. Wanda bai sani ba sai dai ya yi ta gasa hoda yana fatan dace. Wannan bambanci kaɗai ya isa a ba fagen sunansa.

Tsimin da bai kai yadda ake faɗa ba

Kirarin da ake yi wa wannan katalis a kusan kowace takarda shi ne kowace ƙwayar ƙarfe tana aiki, babu wadda ta kwanta. Gaskiya ne, amma a lissafa. In dā kashi ɗaya cikin uku ke aiki yanzu kuma duka, ribar ninki uku ce, shi ma in har ƙwayar da ke zaune ita kaɗai tana aiki daidai da 'yar'uwarta da ke kan dunƙule. Ba haka abin yake ba. Filatinam yana da halin da muka san shi da shi ne saboda ƙwayoyinsa suna tarayya a ilektron ɗinsu. Da zarar an ware guda an ɗaure ta da naitirojin ko oksijin ko farar wuta, sai ta ba maƙwabtan wani kaso na nata, halinta ya canza. Oksijin ya zo yana neman gurabe biyu a jere da zai kwanta a raba shi, ya tarar da guda, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya karɓi ilektron biyu maimakon huɗu, ya tashi ba a raba shi ba. Abin da ke fita shi ne haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna haka ƙarara a 2016. A cikin batiri asara biyu ke nan: wutar da ake samu ta ragu, feroksaid ɗin kuma yana cin fatar da ke tsakiya.

Inda filatinam ƙwaya-ƙwaya ya yi rawar gani kuwa, wato wajen fitar da haidurojin daga ruwa, dā ma ƙarfen da ake sawa ɗan kaɗan ne, don haka kuɗin da za a tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Ga kuma wata matsalar, ƙwayar ƙarfe ba ta son zaman kaɗaici. Da ta ji zafi ko motsin lantarki sai ta rarrafa ta nemi 'yar'uwarta su dunƙule. Shi ya sa aka daɗe ana tsayar da nauyin ƙarfen ƙasa da kashi 1 ko 2 cikin ɗari na hodar, alhali katalis ɗin kasuwa yana ɗauke da kashi 20 zuwa 50. An sami ci gaba a nan, har wata ƙungiya a Jami'ar Rice ta ba da rahoton kusan kashi 40 a 2021. Sai dai kamfanonin mota ma ba barci suke ba. Sun gauraya filatinam da kobalt, sun gyara ramukan kabon ɗin, sun rage gram ɗin da mota ke ci sosai, masu narka tsofaffin salansa da sauran tsofaffin kaya kuma suna dawo da wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na abin da ke shiga kasuwa. Duk wanda ya gina hujjarsa kan tsimin filatinam kaɗai, to yana bin wanda shi ma gudu yake yi.

Darasin da ke cikin jini

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin jikin mai karatu. Abin da ke ɗaukar oksijin daga huhu a cikin jini ƙwayar baƙin ƙarfe ce guda ɗaya, a zaune a tsakiyar ƙwayoyin naitirojin huɗu. A cikin ƙwayoyin halittarmu kuma wani sinadari mai irin wannan baƙin ƙarfe, da jan ƙarfe a gefensa, yana mayar da oksijin ruwa da ilektron huɗu, daidai aikin da ke wahalar da batiri, ba tare da filatinam ko ɗis ba. Baƙin ƙarfe a dunƙule, in aka jefa shi a asid ɗin batiri, narkewa zai yi. Ƙwayarsa guda da aka ɗaure da naitirojin huɗu a cikin shimfiɗar kabon kuwa wani abu ne daban, mai riƙon oksijin kusa da yadda ake so. Wato canjin halin nan da ya ɓata wa filatinam aiki shi ne ya ba baƙin ƙarfe aikin da bai iya ba a dā, kuma a nan ne nake ganin fagen ya cancanci kuɗin da ake zuba masa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin haɗa shi ita ce a ɗauki wani farin gari da aka gina da zinki da wani sinadari mai naitirojin, a sa masa ɗan gishirin baƙin ƙarfe, a zuba a ƙaramin kwanon yumɓu, a tura cikin bututun tanderun da aka kore wa oksijin. Ana ɗaga zafin zuwa digiri dubu ko kusa da haka. Zinki yana tafasa a ɗan sama da digiri 900, sai ya tashi ya bar guraben da naitirojin ya kewaye, baƙin ƙarfe ya zauna a ciki. Abin da ake fitarwa baƙar hoda ce mara nauyi, ba abin da zai ja ido a jikinta. A ƙarƙashin madubin ilektron kuwa ana ganin ɗigo-ɗigo masu haske a warwatse kan fili mai duhu, kowane ɗigo ƙwaya ɗaya.

A 2009 ƙungiyar Jean-Pol Dodelet a Kwibek ta Kanada ta nuna hodar wannan dangi tana kusantar ƙwazon filatinam a farkon aiki. A 2011 ta Piotr Zelenay a Los Alamos ta riƙe batiri yana aiki wajen awa 700. A 2017 kamfanin Ballard na Kanada da Nisshinbo na Japan suka sanar da ƙaramin batiri na sayarwa mai wat 30, wanda aka sa katalis na kabon a farantin oksijin ɗinsa maimakon filatinam. Wat 30 bai wuce kunna 'yan fitilu da cajin waya ba, mota kuwa wajen kilowat 100 take nema, amma daga sinadarin rinin 1964 mai ruɓewa a asid zuwa kayan da ake sayarwa, tafiyar ba ƙarama ba ce. A 2022 kuma ƙungiyar Anthony Kucernak a Imperial College ta Landan ta kai baƙin ƙarfe ƙwaya-ƙwaya kusan kashi 7 cikin ɗari, ta hanyar fara gasa hodar da zinki, daga baya a musanya shi da baƙin ƙarfe.

Gurbi ɗaya, hanya ɗaya

Fa'ida ta biyu ita ce zaɓi. Dunƙulen ƙarfe yana da fuska da gefe da kusurwa, kowane da halinsa, don haka yakan fitar da abubuwa a gauraye, raba su kuma kuɗi ne. Dubi nikel. In aka ba dunƙulensa kabon dayoksaid a cikin ruwa aka sa lantarki, ƙyale kabon ɗin yake yi ya yi ta fitar da haidurojin. Nikel ƙwaya-ƙwaya a kan kabon mai naitirojin kuwa yana iya kashe wajen kashi 90 cikin ɗari na wutar ko fiye wajen mayar da kabon dayoksaid kabon monoksaid, kamar yadda ayyukan ƙungiyoyi a Berlin da Harvard suka nuna a 2017 da 2018. Azurfa da zinariya ne aka sani da wannan aiki. Kabon monoksaid guba ce a ɗaki, amma a masana'anta tushen kaya ce, domin in aka haɗa ta da haidurojin ana yin metanol da man inji. Haka ma feroksaid ɗin da ya zama aibi a batiri, kaya ne da duniya ke sayen miliyoyin tan nasa don farar da takarda da tsabtace ruwa. Yanzu a manyan masana'antu ake yin sa, a tattara shi da ƙarfi mai haɗari, a yi doguwar jigila da shi. An nuna a ɗakin gwaji cewa kobalt ƙwaya-ƙwaya yana yin sa daga iska da ruwa da lantarki, abin da zai ba da damar a yi shi a inda ake buƙatarsa.

Kaɗaicin dai yana da iyaka. Kafin a sami etanol ko etilin sai ƙwayoyin kabon biyu sun haɗu, wannan kuwa yana son gurabe biyu a kusa da juna. Dunƙulen jan ƙarfe ne ya iya, kamar yadda aikin Yoshio Hori ya nuna a Japan tun daga tsakiyar shekarun 1980. A 2019 ƙungiyar Marc Fontecave a Faris ta sami jan ƙarfe ƙwaya-ƙwaya yana fitar da etanol, abin da ba a zata ba. Da aka haska shi da eksire yana tsakiyar aiki, sai aka ga ƙwayoyin suna tashi su dunƙule da an kunna wuta, su koma gurabensu bayan an gama. Wato hoton da aka ɗauka kafin aiki da na bayansa duk ƙwaya-ƙwaya za su nuna, alhali dunƙule ne ya yi aikin. Masu shakka kan riƙe wannan su ce ashe fagen duka ruɗu ne. Ban ga haka ba. Da kayan aikin fagen aka yi binciken, an kuma yi wa nikel da baƙin ƙarfe irin wannan haskawar, shaidar da aka samu ta fi karkata ga cewa ƙwaya ɗayar ce ke aikin. Abin da ya faɗi shi ne ɗabi'ar karɓar hoton katalis a kwance a matsayin shaida.

Darasi mafi ɗaci ta wajen taki ya zo. Buhun yuriyar da manomin Funtuwa ko Maraɗi ke saye daga amoniya aka yi shi, amoniya kuwa daga naitirojin na iska da haidurojin na gas, a ƙarƙashin zafi da matsi mai tsanani, ta hanyar Haber da Bosch wadda ta haura shekara ɗari, mai cin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya. Burin a yi amoniya da hasken rana da ruwa da iska a ƙaramar na'ura kusa da gona ya ja hankali matuƙa, takardu da yawa kuma, ciki har da na katalis ƙwaya-ƙwaya, suka ce sun yi. A 2019 ƙungiyar Ib Chorkendorff ta Denmak, da abokan aiki daga Stanford da Landan, ta wallafa tsarin gwaji mai tsauri a mujallar Nature. Amoniyar da ake ba da rahoto 'yar mitsitsiya ce, ba ta wuce wadda ke iya shigowa daga numfashin mutum ko safar hannu ta roba ko kwalbar gas ɗin kanta ba, hodar da ke cike da naitirojin ma tana iya sakin nata. Da suka yi amfani da naitirojin mai alama wanda ake iya bin sawunsa, ƙarafan da suka gwada a cikin ruwa ba su ba da komai ba, sai wata hanya daban mai amfani da litiyam ta tsallake. Duk wanda ya karanta cewa an kusa yin taki daga iska a gefen gona, ya fara tambaya ko an yi wannan gwajin.

Awa nawa take jurewa?

Yawancin alƙaluman da ke shiga kanun labarai daga wani ɗan gwaji suke fitowa. Ana dama miligram kaɗan na hodar da alkohol da ruwa ta zama tawada, a ɗiga ɗigo a kan wani faifan kabon mai santsi wanda faɗinsa bai wuce milimita 5 ba, a bari ya bushe, a tsoma shi a ruwan asid ko na alkali, a juya shi sau 1,600 a minti. Kafin yamma an sami layin da za a zana kusa da na filatinam. Gwajin yana da amfani wajen tace hoda ɗari a bar goma. Amma a batiri na gaske zafi digiri 80 ne, iska ce ke kutsawa ta ramuka, ruwa yana taruwa ya toshe su, mota tana tashi tana tsayawa. Tun da guraben baƙin ƙarfe ba su da yawa, kuma kowane bai kai filatinam sauri ba, dole a shafa hodar da kauri, ninki biyar zuwa goma, oksijin kuma ya sha wuya kafin ya kai ciki.

Sai kuma lalacewa. Batiri mai baƙin ƙarfe yakan yi asarar babban kaso na ƙarfinsa cikin awa ɗari na farko. Ɗan feroksaid ɗin da ke fita yana gamuwa da baƙin ƙarfe ya haifar da wasu ɓarɓashin sinadari masu cin duk abin da suka taɓa, haɗin da Henry Fenton ya fara bayyanawa tun 1894. Suna cin kabon da ke kewaye da gurbin, ƙwayar ƙarfen ta fice. Awa 700 na Los Alamos ma a kan bolt 0.4 aka yi su, mota kuwa a wajen 0.6 zuwa 0.7 take aiki. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa wa ƙaramar mota burin awa dubu 8, babbar motar kaya kuwa dubu 25 zuwa 30. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan ma'auni baƙin ƙarfe bai ci jarrabawa ba tukuna.

Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne irin amsar da fagen ya bayar. A 2021 ƙungiyar Frédéric Jaouen a Montpellier ta nuna cewa guraben iri biyu ne, duk da kowane baƙin ƙarfe ne da naitirojin huɗu. Iri ɗaya yana rushewa ya koma tsatsa cikin 'yan kwanaki, ɗayan kuwa yana zama daram. Shekara guda bayan nan ƙungiyar Wu Gang a Buffalo ta lulluɓe hodarta da siririn kabon, guraben suka koma iri mai jurewa, ƙarkon ya ƙaru sosai ko da yake ƙwazon farko ya ɗan ragu. Ba wanda zai iya wannan gyara in bai san siffar gurbin ba. A cikin alkali kuma, inda asid ba ya cin ƙarfen, hodar ta riga ta yi kafaɗa da kafaɗa da filatinam, don haka batiran zinki da iska da makamantansu za su iya riga mota cin gajiyarta.

Masu cewa a haƙura

Sukar da ta fi nauyi daga wajen ɗakin gwaji take. Motocin batirin litiyam sun cinye kasuwa, ana sayar da miliyoyinsu a shekara, masu haidurojin kuwa duk waɗanda ke kan titi a duniya wajen dubu ɗari ne. Na'urar tsaga ruwa ta alkali, mai aiki da nikel ba iridiyam, ta shekara kusan ɗari a masana'antu, Sin kuma tana ƙera ta da arha. To me ya sa za a wahala? A yarda cewa ƙaramar mota ta kuɓuce wa haidurojin. Amma tuni duniya tana cin kusan tan miliyan 100 na haidurojin a shekara, a masana'antun taki da matatun mai da na metanol, kusan dukkansa daga gas da kwal. Batirin litiyam ba ya yin taki, ba ya yin feroksaid, ba ya mayar da hayaƙi kayan sinadari. Na'urar alkali kuma tana da girma, ba ta saurin bin hawa da saukar wutar rana da ta iska kamar mai fata, don haka duka biyun za a buƙata. Ga kuma shaidar cewa katalis mai gurbi ɗaya yana iya fita daga ɗakin gwaji, ko da yake ba ta lantarki ba ce. Graham Hutchings ya yi hasashe tun 1985 cewa zinariya za ta iya maye gurbin zaiba wajen haɗa sinadarin robar bututun ruwa. Kamfanin Johnson Matthey ya kai ta masana'anta a Sin, a 2017 kuma ƙungiyar Hutchings ta Cardiff ta tabbatar cewa zinariya ƙwaya-ƙwaya ce ke aikin. Wajen shekara 30 abin ya ɗauka.

Rustenburg da iridiyam

Ga Afirka ta Kudu batun na tukunyar gida ne. Ma'adinan filatinam suna ɗauke da ma'aikata sama da dubu 150, garuruwa irin su Rustenburg da su suke rayuwa, kuma a Marikana ne 'yan sanda suka harbe masu haƙa 34 ranar 16 ga Agusta 2012, lokacin yajin neman ƙarin albashi. Wajen kashi 40 cikin ɗari na filatinam salansa ke cinyewa, motar lantarki kuwa ba ta da salansa. Shi ya sa tun 2008 gwamnatin ƙasar ta kafa shirin HySA, har da cibiyar katalis a Jami'ar Cape Town da cibiyar Mintek, da fatan haidurojin zai zama sabon mai saye. Masu binciken can dole su kai hodarsu ƙasashen waje a haska, domin duk nahiyar babu cibiyar eksire irin ta Grenoble, ko da yake tun 2015 masanan Afirka ke fafutukar a gina. Mai haƙa yana da dalilin kallon baƙar hodar baƙin ƙarfe a matsayin barazana ga abincinsa. Amma ta wajen iridiyam lissafin juyawa yake yi. Kowace na'urar tsaga ruwa mai fata tana cin filatinam a farantin haidurojin ɗinta, kuma muddin ƙarancin iridiyam ya hana a ƙera su da yawa, kasuwar filatinam ɗin ma ba za ta buɗe ba. Tsimin iridiyam ya fi zama alheri ga Rustenburg.

A nan kaɗai hujjar tsimi take tsayawa da ƙafarta, a nan kuma aikin ya fi wuya. A farantin da oksijin ke fita cikin asid, kabon ƙonewa yake yi a hankali ya tashi a iska, don haka duk ƙwarewar da aka tara ta ɗaure ƙarfe a kabon mai naitirojin ba ta da amfani, sai an nemi mazauni daga ƙarafan da suka riga suka sha oksijin. A 2024 ƙungiyar Ryuhei Nakamura ta cibiyar RIKEN a Japan ta wallafa a mujallar Science cewa ta warwatsa iridiyam ƙwaya-ƙwaya a kan mazaunin manganis, ta rage yawansa da wajen kashi 95 cikin ɗari, na'urar kuma ta yi aiki kusan awa dubu 3. Wannan wajen wata huɗu ne. Mai masana'antar da zai sayi na'urar da awa dubu 60 zuwa 80 yake lissafi, shekara bakwai zuwa tara ba kashewa, kuma babu hanyar sanin ko iridiyam ɗin zai zauna a gurbinsa tsawon haka sai an bar na'urar a kunne ana aunawa.